Yadda ake tara mil na jirgi da makin otal, da yadda ake cin moriyarsu kafin su lalace

Duk wanda yake hawa jirgin sama ko da sau biyu ne a shekara, ko yake sauka a manyan otal in ya yi tafiya, kuma ba shi da lambar mamba a ko'ina a tsarin da kamfanonin suke ba abokan cinikinsu maki ko mil da ake musanyawa da tikiti ko ɗaki, to haƙƙinsa yake bari a ƙasa, don kuɗin waɗannan makin an riga an cusa shi cikin farashin tikiti da na ɗaki, ka karɓa ko kar ka karɓa ka dai biya. Abin kuma ya daɗe, tun 1981 American Airlines ya fito da tsarinsa na AAdvantage, sauran suka bi sahu, yanzu da wuya ka ga babban kamfanin jirgi da ba shi da nasa. Rajista kyauta ce.

Amma abin da nake so ka riƙe tun daga farko, maki ba kuɗin ajiya ba ne. Kamfanin da ya ba ka su shi yake yanke darajarsu, kuma duk ranar da ya tashi sauya ƙa'ida kusan kullum ƙasa yake yi da ita, wani lokacin ma ba sanarwa. Kamar ƙanƙara ce a tafin hannu, kana riƙe da ita tana raguwa. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji mutum yana cewa ai yana da mil dubu ɗari biyu ya ajiye shekara biyar bai taɓa ba. Ka san tafiyar da kake tara wa, ka tara a wuri ɗaya, da zarar sun kai ka kashe su, duk matakan da ke tafe a kan wannan suke.

Mataki na farko, ka zauna ka duba jiragen da kake hawa da gaske, ba waɗanda kake sha'awa ba. Yawancin manyan kamfanoni suna cikin ɗayan ƙawance uku ne. Akwai Star Alliance da aka kafa a 1997, a ciki akwai Lufthansa da United da Turkish Airlines da Ethiopian da EgyptAir da Air Canada da Singapore Airlines. Akwai oneworld na 1999, su British Airways da Qatar Airways da American da Cathay Pacific da Royal Air Maroc da Iberia. Sai SkyTeam na 2000, su Air France da KLM da Delta da Saudia da Kenya Airways da Korean Air. Emirates da Etihad ba sa cikin ko ɗaya, abokan hulɗarsu ɗai-ɗai suke ƙullawa. Amfanin sanin wannan shi ne ba sai ka buɗe asusu a kowane kamfani ba, in yau ka hau Ethiopian gobe ka hau Turkish jibi Lufthansa, duk za ka iya zuba mil ɗinsu a lamba ɗaya, ko ta Miles&Smiles ta Turkish ko ShebaMiles ta Ethiopian ko Miles & More ta Lufthansa, wacce ka zaɓa. Nan ne mutane da yawa suke asara, mil 4,000 nan, 6,000 can, 3,000 a wani wajen, in an haɗa da sun yi tikiti amma a warwatse ba abin da za su saya, kuma galibi ba a iya kwashe su daga wannan tsarin zuwa wancan. Asusu ɗaya a kowane ƙawance ya isa, kuma ɗaya daga ciki ya zama shi ne babban rumbunka.

Akwai wani sauƙi a ɓangaren Avios, shi ne makin da British Airways da Iberia da Aer Lingus suke amfani da shi, Qatar Airways ya koma kansa a 2022, Finnair ma ya bi a 2024. In ka haɗa asusunka a tsakaninsu za ka iya tura Avios daga wannan zuwa wancan ɗaya bisa ɗaya, ka je ka kashe a inda ya fi araha.

Na biyu rajistar kanta, minti biyar ne a shafin kamfanin ko manhajarsa ta waya. Abu ɗaya kawai za ka kula da shi, sunanka ya zama daidai da yadda yake a fasfo harafi da harafi, da jerin sunan da ranar haihuwa, don in sunan tikiti da na asusu suka saɓa kwamfutarsu ba za ta saka maka komai ba, kuma gyaran suna daga baya sai an tura takardu ana jira. Ka yi rajistar kafin ka yanki tikiti, ba bayan ka dawo ba.

Na uku shi ne wanda ya fi buƙatar natsuwa, wato lokacin yankan tikitin. Ba duk kujerar ikonomi ce take ba da mil iri ɗaya ba. Kowane tikiti yana da harafi ɗaya da ke nuna ajin farashinsa, Y yawanci ikonomi ne mai cikakken kuɗi, J ko C bizines, F ajin farko, sai kuma tarin haruffa na tikitin rangwame da suka bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ɗaya zai samu duka nisan tafiyar a matsayin mil, ɗayan kashi 25 cikin ɗari, wani ma ba ko ɗaya. Kafin ka biya ka nemo harafin nan, yana fitowa a bayanin farashi ko ka tambayi ejan ɗin da yake yankar maka, sannan ka shiga shafin tsarin da kake tarawa ka duba jadawalin abokan hulɗa ka ga nawa wannan harafin yake bayarwa. Shafin Where to Credit ma aikinsa kenan, ka saka kamfani da harafi ya jero maka. Wasu kamfanonin kuma sun daina lissafi da nisa a jiragensu, da kuɗin da ka biya suke yi, Delta da United tun 2015, Flying Blue na Air France da KLM tun 2018, British Airways a 2023, a irin waɗannan tikiti mai araha mil kaɗan yake kawowa komai nisan tafiyar.

Ka kuma duba wane kamfani ne zai tashi da jirgin a zahiri. Sau da yawa lambar tafiyar ta wani kamfani ce amma jirgin na wani ne daban, in wanda zai tashi ɗin ba abokin hulɗar tsarinka ba ne kana iya tashi a tutar babu. Ni dai shawarata kar ka ƙara kuɗi mai yawa a tikiti don kawai mil, in bambancin ɗan kaɗan ne to, amma in da yawa ne ɗauki mai arahar ka riƙe kuɗinka.

Sai ka saka lambar mambarka a tikitin, ko lokacin saye ko daga baya ta wajen duba tikiti a shafinsu, ko a kanta wajen auna kaya. Lamba ɗaya ake sakawa a tafiya ɗaya, ba a cin mil biyu a kujera ɗaya. In an ba ka takardar shiga jirgi duba ka ga lambar ta fito a jiki, in ba ta fito ba ka sa a gyara nan take. Kar ka yar da takardar nan, ko ka ɗauki hotonta, har sai ka ga mil sun shiga. Na kamfanin kansa kwana biyu uku ne yawanci, na abokin hulɗa yana iya ɗaukar makonni. In shiru ta yi yawa akwai wajen neman mil da ba su shiga ba a shafin kowane tsari, za su nemi lambar tikiti mai lamba 13 da ranar tafiya, amma suna da wa'adi, da yawansu watanni ne ƙalilan, saboda haka kar ka yi sanya.

Akwai abin da yake rikita sababbi, za ka ga lissafi iri biyu a asusunka. Ɗaya mil ɗin da ake kashewa, ɗayan kuma na matsayi ne wanda ba a sayen komai da shi, shi yake kai ka Silver ko Gold, kuma yana komawa sifili in zagayen shekararsa ya cika. Matsayin yana da daɗi, mai Star Alliance Gold misali yana shiga falon hutawa na filin jirgi, ana ƙara masa kaya a yawancin tikiti, yana shiga jirgi da wuri, a duk kamfanonin ƙawancen. Amma na mai yawan tafiya ne. In sau biyu ko uku kake tashi a shekara manta da shi, kar ka ƙirƙiro tafiyar da ba ka da bukata don kati.

Yanzu otal. Manyan su ne Marriott Bonvoy, wanda ya samu wannan sunan a 2019 bayan Marriott ya sayi Starwood a 2016, da Hilton Honors da IHG One Rewards da World of Hyatt da ALL na Accor. A nan doka ɗaya ce ta fi kowacce muhimmanci: ka kama ɗaki kai tsaye ta shafinsu ko manhajarsu. In ka bi ta Booking.com ko Expedia ko makamantansu galibi ba maki, ba a ƙirga maka daren, kuma ko kana da matsayi ba dole ne su ba ka alfarmarsa ba. Wannan ya bambanta da jirgi, inda tikitin da ejan ya yanka yawanci yana ba da mil. Kuma mamba yana samun ɗan rangwame a shafinsu da intanet kyauta a ɗaki, saboda haka ka kwatanta farashin biyu kana cikin asusunka, ba a waje ba. Marriott da Hilton da IHG suna ba da maki 10 a kan kowace dala a yawancin otal ɗinsu, Hyatt 5, a kan kuɗin ɗaki ban da haraji. Kar wannan ya ruɗe ka ka ce na Hyatt ya fi kaɗan, ɗakunansu ma maki kaɗan suke ci, makin wannan gidan ba a auna shi da na wancan ɗaya bisa ɗaya. A Marriott in ka kama ɗaki har uku, kana kwana a ɗaya kuma kai ka biya duka, makin ukun naka ne, wannan yana da amfani ga mai tafiya da iyali. Kuma kusan duk 'yan watanni suna fito da garaɓasa ta ninka maki amma sai ka danna rajista kafin ka sauka, in ba ka danna ba ba ruwansu, to ka riƙa leƙa manhajar kafin kowace tafiya.

Bayan tafiya akwai wasu hanyoyin tarawa, hayar mota, sayayya ta shafin kasuwar da kamfanin jirgin ya tanada, da kuma katin banki. Gaskiya a ƙasashen da abin ya bunƙasa, musamman Amurka, da kati ake tara mafi yawan maki ba da tashi ba, irin su Membership Rewards na American Express da Ultimate Rewards na Chase waɗanda ake iya turawa kamfanonin jirgi da otal daban-daban. Wannan ya danganta da ƙasar da kake zaune da abin da bankunanta suke bayarwa. In kana da irinsa, sharaɗi biyu ne ba sassauci, ka saya da shi abin da dama za ka saya, kuma ka biya duka kuɗin kafin wa'adi, don kuɗin ruwan wata ɗaya yana iya cinye ribar makin shekara. Ka kuma lissafa kuɗin shekara na katin ka ga ko yana fanshe kansa. Sayen mil da kuɗi kuwa, kar ka yi sai in kujera tana gabanka a buɗe kuma 'yan dubbai ne suka rage maka.

Mataki na gaba ka san ranar mutuwar makinka. Iri uku ne. Akwai waɗanda ba sa mutuwa, kamar na Delta da United. Akwai waɗanda suke mutuwa in asusu ya yi shiru, AAdvantage wata 24, Avios na British Airways wata 36, Marriott da Hilton da Hyatt wata 24, IHG da Accor wata 12 ga mamba marar matsayi, a yawancin irin waɗannan ko ɗan motsi kaɗan, ka samu maki ko ka kashe, yana sabunta wa'adin duka. Sai na ukun da suka fi haɗari, su Emirates Skywards da Miles&Smiles da Miles & More, inda kowane mil yake da wajen shekara uku daga samunsa, motsi ba ya ceto shi sai dai wani sharaɗi na daban kamar matsayi. Waɗannan ƙa'idojin suna sauyawa, ka tabbatar a shafinsu, ka saka tunatarwa a wayarka wata uku kafin lokaci. Manhajar AwardWallet tana haɗa maka asusu da yawa wuri ɗaya in ba ka son bi ɗaya-ɗaya.

To yanzu kashewa, wanda shi ne dalilin duk wannan wahalar, kuma nan ne ake bambanta wanda ya iya da wanda bai iya ba. Samun mil bai nufin akwai kujera. Kamfani kujeru ƙalilan yake warewa masu mil a farashi mai sauƙi, wani jirgin ma ba ko ɗaya, musamman lokutan hutu. Lokaci biyu ne aka fi samu, da zarar an buɗe jadawali wajen wata 11 zuwa shekara kafin tashi, British Airways misali kwana 355 yake buɗewa, sai kuma makonni biyun ƙarshe in kamfani ya ga kujeru ba za su sayu ba. Ka nema ta hanya ɗaya-ɗaya, zuwa daban dawowa daban, ka duba kwana uku gaba uku baya, ka gwada filin jirgin wani gari na kusa, tsakiyar mako ya fi ƙarshensa. Kuma kar ka tsaya kan jirgin kamfanin da kake da mil ɗinsa kawai, mil ɗin Turkish suna kama kujera a United ko Ethiopian, Avios suna kamawa a American ko Cathay Pacific, sau da yawa ma ta nan ne arahar take. Don ganin abin da yake buɗe, shafin United ko na Aeroplan, tsarin Air Canada, yana nuna na Star Alliance, na British Airways ko American na oneworld, na Flying Blue na SkyTeam. In ka ga kujera a can amma ba ta fito a shafin tsarinka ba, ɗauki lambar jirgin da rana ka kira su a waya. Flying Blue kuma duk wata yana fitar da wasu hanyoyi da rangwamen mil, ya kamata mai tara a can ya riƙa dubawa.

Tikitin mil ba kyauta ba ne gaba ɗaya, za ka biya harajin filin jirgi, wasu kamfanonin kuma suna ɗora wani ƙarin caji nasu mai nauyi, British Airways da Lufthansa da Emirates an san su da shi a doguwar tafiya, alhali in da mil ɗin United ko Aeroplan ka kama ba sa ɗora maka wannan ƙarin. Tashi daga Ingila a kujerar bizines ma harajinsa babba ne. Saboda haka kafin ka danna, yi wannan lissafin: ɗauki farashin tikitin da kuɗi, cire abin da za ka biya a tikitin mil, raba saura da yawan mil ɗin. A ce tikiti dala 900 ne, ko mil 60,000 da dala 300, kenan mil 60,000 sun tsaya maka a dala 600, santi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala, kowane mil. A ce kuma kujerar bizines ce ta dala 3,000, ko mil 80,000 da dala 200, nan kowane mil ya kai santi uku da rabi. Shi ya sa masu harkar suke son bizines a doguwar tafiya da kuma gajeriyar tafiya mai tsada ta gaggawa. Amma ka yi wa kanka adalci, in da ba za ka taɓa biyan dala 3,000 ɗin ba to ba ita ka tsira da ita ba, kuma in ikonomi ne zai kai ka da iyalinka inda kuke so ku je, wannan ma cin moriya ce cikakkiya, kar wani ya sa ka ji kamar ka yi asara. Abin da nake hana mutane shi ne sayen agogo ko turare ko katin sayayya da mil, kusan kullum nan ne darajarsu ta fi faɗuwa. Ɗaga kujera daga ikonomi zuwa bizines da mil yana yiwuwa, sai dai tikitin rangwame da yawa ba a yarda a ɗaga su, duba harafin nan kafin ka saya in niyyarka kenan.

A otal lissafin iri ɗaya ne. Hilton da Marriott sun bar tsayayyen jadawali, Marriott a 2022, yanzu makin ɗaki yana hawa da sauka da farashi, to ka duba ranaku daban-daban. Babbar garaɓasar ita ce dare na biyar, a Marriott in ka kama dare biyar a jere da maki na huɗu za ka biya, a Hilton ma haka ga mai Silver zuwa sama, saboda haka in tafiyarka ta kwana huɗu ce ko shida ka tsara ta yadda biyar ɗin za su shiga kamu ɗaya. Hilton da Hyatt ba sa karɓar ƙarin cajin wuraren shaƙatawa a daren maki, Marriott yana karɓa. Na Accor ba ya buƙatar dogon tunani, maki 2,000 yuro 40 ne a cire daga kuɗin ɗaki. Tura makin otal zuwa jirgi kuwa yawanci faɗuwa ce, Marriott maki 3 yake mayarwa mil 1, yana ƙara mil 5,000 a kowane maki 60,000 a yawancin kamfanoni, sai dai a yi shi don cike gurbi.

Duk wata turawa, daga kati ce ko daga otal zuwa jirgi, in ta tafi ba ta dawowa. Ka fara ganin kujerar da idonka a shafin tsarin da za ka tura wa, ka tabbatar tana nan, sannan ka tura daidai adadin da ake buƙata, ka kama ta nan take. Wasu turawar cikin minti suke shiga wasu sai kwanaki, in mai jinkiri ce tambaya ko za su riƙe maka kujerar. Ka kuma karanta sharaɗin sokewa, tikitin mil galibi ya fi na rangwame sauƙin fasawa, ana mayar maka da mil ɗin bayan ɗan caji, amma akwai wa'adin awanni kafin tashi.

In kuna da yawa a gida ku haɗa ƙarfi ta hanyar da aka yarda, Emirates yana da My Family, British Airways yana da asusun gida, Flying Blue ma yana da na iyali, Hilton yana bari a haɗa maki da wasu mambobi kyauta. Yara ma a buɗe musu lamba in tsarin ya yarda, kujerarsu tana ba da mil kamar ta babba. Za ka iya kama wa wani tikiti da mil ɗinka da sunansa a yawancin tsare-tsare, wannan ba laifi. Abin da ya haramta a ƙa'idarsu shi ne sayar da mil ko sayensu a hannun dillalai, in suka gano suna rufe asusu su kwashe makin su soke tikitin, wani sai ya je filin jirgi yake ji. Ɓarayi ma suna bin asusun maki sosai don mutane ba sa leƙa shi kamar na banki, to ka saka kalmar sirri da ba ka amfani da ita a ko'ina, ka kunna tantancewa ta biyu ta waya ko imel, kuma kar ka ɗora hoton takardar shiga jirgi a Facebook ko WhatsApp, lambar tikitinka da ta mambarka duk suna jikin zanen da ake haskawa a ƙofa.